Tsila da 'Ya'yanta: Ƙullutun Tsutsa a Ƙwaƙwalwa, Ido, Hanta da Sauran Sassan Jiki



Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mahauci yana fiɗa, ko a mayankar Kaase ko a ƙofar gida ranar Babbar Sallah, da wuya a ce bai taɓa ganin an ɗago hanta ko huhu ba, sai ga wata 'yar jaka fara cike da ruwa a jikinta. Mahauci yakan sa bakin wuƙa ya fincike ta ya jefar gefe, idan akwai kare a kusa ya ɗauke, a ci gaba da aiki. Jakar nan ba ruwa kawai ba ce, jaririyar tsutsa ce a kwance tana jiran wanda zai haɗiye ta. Irin wannan jaka tana iya tsirowa a jikin ɗan Adam, kuma ba a hanta ko huhu kaɗai ba. Likitoci sun ciro ta daga ƙwaƙwalwa, daga cikin ido, daga ƙashin baya, daga tsokar zuciya, har daga ƙarƙashin harshe.

Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci wannan ciwo sai mu ce ai na masu cin alade ne, mu kuwa Allah Ya raba mu da shi. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ne dalilin wannan rubutu.

Mece ce tsila?

Tsila ita ce farar tsutsar ciki mai faɗi, mai gaɓa-gaɓa, wadda ta bambanta da macijin ciki da muka saba gani wajen yara. Kanta bai wuce kan allura ba, da shi take kama bangon hanji, sannan ta yi ta saƙa gaɓoɓi a bayanta. Ba ta da baki, ba ta da tumbi, da fatar jikinta take tsotse abincin da mai ita ya ci. Gaɓoɓin ƙarshe idan sun cika da ƙwai sai su tsinke su fita cikin bahaya. Likitocin Musulmi na dā, irin su Ibn Sina, sun san waɗannan gaɓoɓi, kuma sun kamanta su da 'ya'yan kabewa saboda siffarsu.

Abin lura game da rayuwar tsila shi ne gida biyu take buƙata. A gida na farko take zama babba, ta yi ƙwai. A gida na biyu ƙwan yake ƙyanƙyashewa, ɗan tsutsar ya huda hanji, ya bi jini, ya sami wata tsoka ko wata gaɓa ya lafe, ya kewaye kansa da jakar ruwa. Wannan jaka ita muke kira ƙullutu a nan. Ba za ta zama babbar tsila ba sai ranar da mai gida na farko ya ci naman da take ciki.

Iri uku ne suka fi shafar mutane. Akwai tsilar shanu, wadda babbarta ke zama a hanjin mutum, ƙullutunta a naman sa. Ita ce mafi tsawo, takan kai mita 4 zuwa 10, kuma gaɓoɓinta suna motsi, har sukan fito da kansu mutum ya tsince su a wando. Akwai tsilar alade, da masana ke kira Taenia solium, babbarta a hanjin mutum, ƙullutunta a naman alade. Sai tsilar kare, Echinococcus granulosus, wadda babbarta ke hanjin kare, ƙullutunta a hanta da huhun tumaki, awaki, shanu da raƙuma.

Wani likita Bajamushe mai suna Friedrich Küchenmeister ne ya tabbatar da alaƙar ƙullutu da babbar tsila a shekarar 1855. Ya sa ƙullutun a abincin wani fursuna da aka yanke wa hukuncin kisa, bayan an zartar da hukuncin ya buɗe hanjinsa ya tarar da ƙananan tsiloli sun fara kamawa. Aiki ne da babu wata doka ko tarbiyya da za ta yarda da shi a yau, amma daga nan aka daina ɗaukar ƙullutu da tsila a matsayin halittu biyu daban.

Ƙofa biyu ce, ba ɗaya ba

A nan ne ake yawan ruɗewa, har a tsakanin masu karatu, don haka bari mu tafi a hankali.

Wanda ya ci nama mai ƙullutu, wanda bai dahu ba, abin da zai samu shi ne babbar tsila a hanji. Wannan ita ce ƙofa ta farko. Ciwon yana da sauƙi: ɗan ciwon ciki, tashin zuciya, wani lokaci rama, wani ma ba ya jin komai. Musulmin da ba ya cin alade ya tsira daga tsilar alade ta wannan ƙofa. Amma bai tsira daga ta shanu ba idan yana cin tsire ko cicinga da aka sauke cikinsa da sauran ja. Sa'ar da aka yi ita ce tsilar shanu a hanji take tsayawa, ƙwanta ba ya yin ƙullutu a jikin mutum.

Ƙofa ta biyu ita ce ta ƙwai, kuma babu ruwanta da nama. Mutumin da ke ɗauke da tsilar alade a cikinsa yana zubar da gaɓoɓi a bahaya, kowace gaɓa ɗaya tana iya ɗauke da ƙwai har 50,000. Ido ba ya ganinsu. Suna maƙalewa a hannu da ƙarƙashin farce, suna shiga ruwa, suna zama a ganyen da aka yi wa ban ruwa da ruwan kwata. Duk wanda ya haɗiye su, ko da bai taɓa ganin alade ba a rayuwarsa, jikinsa zai karɓi ƙwan kamar yadda jikin alade ke karɓa. Cikin wata 2 zuwa 3 ƙullutu ya kammala, girmansa kamar ƙwayar wake. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira sistisakosis.

Abin da ya buɗe wa duniya ido kan wannan ya faru ne a birnin Niyu Yok na Amurka. Tsakanin 1990 da 1991 an kai mutum 4 asibiti da farfaɗiya, daga iyalai 4 na Yahudawa masu tsananin riƙo da addininsu, waɗanda su ma alade haramun ne a wajensu. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙullutun tsilar alade. Da aka bi sawu, sai aka ga gidajen suna ɗaukar masu aiki daga ƙasashen Latin Amurka inda tsilar ta yi yawa, kuma ta hannun masu dafa abinci ƙwan ya isa bakin masu gida. An buga rahoton a 1992. Daga baya likitoci a Kuwaiti sun ba da rahoton irin wannan a jikin 'yan ƙasar, Musulmi, waɗanda ba su cin alade kuma ba a kiwonsa a ƙasarsu.

To mu da ke Aboabo, Asawase, Yalwa, Sabon Zango da Akwatia Line, kasuwa ɗaya muke ci da kowa. A Kejetia muke sayayya, wake da shinkafa da salak na bakin hanya muke ci, bayi na haya da yawa muke shiga a layi da sauran jama'a. Ba muna nufin a riƙa ƙyamar maƙwabci ko mai aiki ba. Mai ɗauke da tsila galibi bai san yana da ita ba, shi ne ma na farko a cikin haɗari domin hannunsa ya fi kusa da bakinsa, kuma magani na yini ɗaya yakan raba shi da ita.

Inda ƙullutun ke sauka

Jini ne ke ɗauke da ɗan tsutsar, saboda haka duk inda jini ya kai yana iya sauka. A ƙarƙashin fata yakan fito kamar ɗan tsakuwa mai motsi idan an taɓa, ba zafi, a ƙirji, hannu ko baya. A tsoka yakan zauna shiru har ya mutu ya ƙandare, sai wata rana an ɗauki hoton ƙashi saboda karaya a ga fararen ɗigo kamar an watsa shinkafa a cinya. An same shi a harshe, a leɓe, a mama, a wuya, inda sau da yawa ake zaton ƙari ne ko kaluluwa sai bayan an ciro an duba da madubin likita.

A ido abin ya fi ban tsoro. Ƙullutun yana iya yawo a cikin ruwan ido, likita ya leƙa ya gan shi yana miƙewa yana ƙanƙancewa, shi kuma mai idon yana ganin wata inuwa tana gilmawa. Idan ya mutu a ciki, kumburin da zai biyo baya yana iya tafiya da ganin gaba ɗaya. Shi ya sa na ido fiɗa ake yi a ciro shi, ba a kashe shi da ƙwaya.

Amma wurin da ya fi yin ɓarna shi ne ƙwaƙwalwa. Abin mamaki, muddin ƙullutun yana da rai yakan ɓoye kansa daga garkuwar jiki, mutum ya yi shekaru lafiya lau. Ranar da ya fara mutuwa ne jiki ke farga, ya kai masa hari, wurin ya kumbura. Wannan kumburi shi ke kawo farfaɗiya. Ko bayan ya mutu ya zama ɗan dutse, tabon yana iya ci gaba da tayar da ita. Wasu kuma ciwon kai ne mai tsanani da ba ya jin magani, ko amai, ko gani bibbiyu, ko shanyewar ɓarin jiki, ko rikicewar tunani. Idan ya toshe hanyar da ruwan ƙwaƙwalwa ke bi, ruwan yakan taru ya danne ta, wannan kuwa yana kisa idan ba a yi gaggawa ba. A laka, wato jijiyar da ke cikin ƙashin baya, yana kashe ƙafafu.

Tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya bayyana an gane shi ne daga sojojin Ingila da suka yi aiki a Indiya. A 1961 likitoci biyu, Dixon da Lipscomb, suka fitar da nazarin mutum 450 daga cikinsu. Yawanci sai bayan kimanin shekara 5 farfaɗiyar ta fara, wasu ma bayan shekaru masu yawa da komawarsu gida. Ke nan wanda ya faɗi yau a Kumasi, mai yiwuwa ne ƙwan ya shige shi tun yana wani gari da ya manta ya taɓa zama.

A tsaunukan Papua na Indunisiya kuwa, a shekarun 1970, ta hanyar ƙuna aka gane ciwon. Asibitin Enarotali ya ga mutane suna ta zuwa da mummunar ƙunar wuta. Ashe mutanen yankin suna kwana kusa da wuta saboda sanyi, farfaɗiya tana kama su cikin dare suna faɗawa ciki. Matanmu da ke tsaye kan kaskon ƙosai da tukunyar koko tun asuba su ne wannan labari ya fi tuna mana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ciwo cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci tun 2010. A ƙiyasinta, a yankunan da tsilar alade ta yi katutu, ita ce sanadin kimanin kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya, kuma masu ƙullutu a ƙwaƙwalwa a duniya sun kai tsakanin miliyan 2.5 da miliyan 8.3.

A Gana da maƙwabtanta

Tsilar tana nan kusa da mu. Wani bincike da aka buga a 1999 kan aladu a Jihar Gabas ta Sama ya sami ƙullutu a jikin kusan 12 cikin 100 na waɗanda aka duba. Wani da aka yi a yankin Bunkpurugu, aka buga a 2012, ya sami ƙwan tsila a bahayar kimanin mutum 13 cikin 100. A nan Kumasi, likitocin dabbobi da suka duba aladun da aka yanka a mayanka sun ba da rahoto a 2015 cewa kimanin 2 cikin 100 suna da shi. A tuna kuma duban ido a mayanka mai ƙullutu da yawa yake kamawa, mai kaɗan yakan wuce, balle dabbar da aka yanka a bayan gida.

Wani nazari daga Burkina Faso, wanda aka buga a 2009, ya nuna abin a fili. An gwada jinin mutane a ƙauyuka 3. A Batondo, inda aladu ke yawo sakaka, kimanin 10 cikin 100 suna da alamar ƙullutu mai rai. A Pabré, inda aka fi killace su, ba su kai 2 cikin 100 ba. A Nyonyogo, inda kiwon aladu bai da yawa, ba a sami ko ɗaya ba. Wato abin da ke riƙe da ciwon a gari shi ne haɗuwar abu biyu: bahaya a fili da dabbar da ke kai wa gare ta. Ƙauyen da ya keɓe yana iya tsira. Birni kamar Kumasi, da mutane da abinci ke shigo masa daga ko'ina, ba shi da wannan katanga.

Sai batun ganye. Latas da kabeji da albasa mai lawashi da ake nomawa a cikin gari, irin na Gyinyase, da yawa da ruwan rafukan da kwatocin birni ke zuba ciki ake ba su ruwa. Masu bincike daga jami'ar KNUST da abokan aikinsu sun daɗe da nuna cewa ana samun ƙwayayen tsutsotsin ciki a kan latas ɗin da ke isa kasuwa. Ganyen da ake ci ɗanye shi ne abin kula, wanda ya shiga miya ya tafasa babu damuwa a kansa.

Farfaɗiya: tsakanin malam da likita

Mun san yadda abin yake a gidajenmu. Mutum ya faɗi yana jijjiga, kumfa na fita, nan take a ce iska ce ko sammu. A yi ta kai shi wajen ruƙiyya wata da watanni, asibiti kuwa sai abin ya gagara. Ba mu hana kowa addu'a ba, kuma ba mu raina ta ba. Amma malamanmu na dā ba su ce kowace farfaɗiya ta aljanu ce ba. Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya kasa ta gida biyu, ya ce akwai wadda asalinta daga jiki ne, kuma ita ce likitoci ke magana kan sababinta da maganinta. Ƙullutun da ake gani ƙuru-ƙuru a hoto yana cikin wannan kashi.

Ƙa'idar da ya kamata kowane liman da kowane mai gida ya riƙe ita ce: babban mutum da bai taɓa farfaɗiya ba, idan ta fara masa rana tsaka, yana buƙatar likita ya gan shi, kuma galibi yana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa. Ba lalle tsutsa ce ba, yana iya zama hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko ƙari, ko tsohon rauni. Hoton ne zai raba gardama. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da na'urorin CT da MRI da ake wannan aiki da su.

Idan wani ya faɗi a masallaci ko a makaranta, a janye abin da zai ji masa rauni, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, idan jijjigar ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe. Kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu yana cikin wannan hali, domin zai iya shaƙewa. Yawunsa ba ya yaɗa farfaɗiya, wannan camfi ne da ya sa ake gudun mutane a lokacin da suka fi buƙatar taimako. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, a nufi asibiti.

Tsilar kare da hantar layya

Yanzu mu koma ga jakar ruwan da muka fara da ita. Wannan ba ta da alaƙa da alade ko kaɗan, dabbobin da muke yankawa da hannunmu ne gidanta.

Babbar tsilar kare 'yar mitsitsiya ce, tsawonta milimita 3 zuwa 6, amma kare ɗaya yana iya ɗaukar dubbai ba tare da ya nuna wata alama ba. Ƙwanta yana fita a kashinsa, ya manne a gashinsa da bakinsa, ya zauna a ƙasa da ciyawa har watanni idan akwai danshi. Tunkiya ta ci ciyawar, jakar ruwa ta tsiro a hantarta. Aka yanka ta, aka jefa wa kare hantar, cikin makonni kaɗan ya fara zubar da sabon ƙwai. Haka abin ke zagayawa.

Mutum ba ya kamuwa ta cin hantar. Ta ƙwan da ke fitowa daga kare yake kamuwa: yaro ya yi wasa da kare ko da ƙasar da ya yi kashi ya kai hannu baki, ko kare ya lashi kwano, ko ruwa ko ganye ya gurɓata. Umarnin da ya zo a hadisi na wanke ƙwaryar da kare ya yi lallagi a ciki sau 7 sananne ne a wajenmu, kuma duk yadda malamai suka fassara dalilinsa, mai kiyaye shi ya toshe ɗaya daga cikin hanyoyin wannan ƙwai.

Ciwon da ke biyo baya sunansa haidatid. Ƙullutunsa ya bambanta da na tsilar alade domin shi girma yake yi, a hankali, shekara da shekaru, daga girman goro zuwa na lemo, wani har ya kai ƙwallon ƙafa, da 'ya'yan jakunkuna a cikinsa. Kimanin kashi 70 cikin 100 a hanta yake zama, kimanin 20 a huhu. Ragowar su ne na wurare baƙi: saifa, ƙoda, ƙwaƙwalwa, ƙashi, zuciya, bayan ido, tsokar cinya. Na ƙwaƙwalwa ya fi yawa a yara, kuma akan ciro shi ɗungurungum kamar ƙwai, ana lallaɓawa kada ya fashe. Na ƙashi shi ne mafi wuyar sha'ani, domin ba ya yin jaka guda, bin cikin ƙashin yake yi yana cinye shi har ya karye ba tare da wani faɗuwar kirki ba. Na huhu yakan fashe mutum ya yi tarin ruwa mai gishiri-gishiri da wasu fararen fatu kamar ɓawon inabi, kafin nan kuwa sau da yawa an yi ta ba shi maganin tarin fuka.

Fashewarsa a cikin jiki haɗari biyu ne. Ruwan yana iya sa jiki ya yi mummunan bore nan take, numfashi ya sarƙe, jini ya faɗi. Sannan kowane ɗigo yana ɗauke da 'ya'yan da za su shuka sabbin ƙullutai. Wannan ya isa dalilin da zai hana a kai kumburin da ba a san asalinsa ba wajen wanzami ya tsaga, ko a bar wani ya soka masa allura a shago.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci fiye da mutum miliyan 1 suna ɗauke da cutar tsilar kare. Ta yi ƙamari a ƙasashen makiyaya: Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Sudan, Turkiyya, Iran, tsakiyar Asiya, da yankin Turkana na Kenya inda karnuka ke kwana cikin bukkoki tare da yara. A ƙasashen Magrib hukumomi sukan yi gargaɗi musamman gab da Sallar Layya, domin a yini ɗaya ake yanka miliyoyin raguna a gidaje ba tare da likitan dabbobi ya duba ba. A arewacin Najeriya, binciken mayanka da aka yi tun wajen 1980 ya nuna jakar ta fi yawa a raƙuma. Dabbobin da muke yankawa a Kumasi kuwa mun san daga ina manyan motoci ke kawo su: arewacin Gana, Burkina Faso, Mali da Nijar.

Akwai wata 'yar'uwarta, ita ma daga kare, wadda ƙullutunta ke zama a ƙwaƙwalwar tunkiya ya sa ta riƙa juyi a wuri ɗaya. Jefi-jefi irinta takan kama mutum, a ƙarƙashin fata, a tsoka ko a ido. An ba da rahotonta a jikin wani mutum a Najeriya tun 1919, a Gana kuma rahoton farko ya fito a 1972. Ita kuwa jakar da aka fi gani tana reto a jikin kitsen tumbi, ta wata tsilar kare ce da ba a san ta da cutar da mutum ba. Sai dai ba kowa ke iya bambance su da ido ba, don haka hukuncinsu ɗaya: kada kare ya samu.

Magani

Babbar tsila a hanji ba ta da wuyar magani. Ana duba bahaya, a ba da prazikwantel ko niklosamaid, galibi sha ɗaya. Wanda ya ga gaɓa ta fito, ya sa ta a kwalba mai murfi, ba da hannu tsirara ba, ya kai asibiti, domin ita ce za ta nuna ko ta shanu ce ko ta alade. Idan aka sami mai ƙullutu a gida, ya kamata a duba duk mutanen gidan, wataƙila mai zubar da ƙwan yana cikinsu.

Ƙullutu a ƙwaƙwalwa kuwa ba abin da mutum zai yi wa kansa magani ba ne. Ana ba da albendazol, wani lokaci tare da prazikwantel, amma kashe ƙullutun yana ƙara kumburi na ɗan lokaci, shi ya sa ake haɗawa da maganin rage kumburi da na hana farfaɗiya, kuma akan duba ido tukuna. Wanda ƙullutunsa ya riga ya ƙandare ba ya ma buƙatar maganin tsutsa, na farfaɗiya kawai zai riƙe, kullum, ba tare da yankewa ba. Prazikwantel shi ne kuma maganin tsargiya da ake rabawa a makarantu, saboda haka yaron da ke farfaɗiya a sanar da ma'aikatan lafiya kafin a ba shi.

Haidatid ana gano shi da hoton ciki irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Gwargwadon girmansa da wurin da yake, ko a ba da albendazol na watanni, ko likita ya zuƙe shi da allura a asibiti ya zuba maganin kashe 'ya'yan, ko a yi fiɗa, ko kuma idan ya riga ya mutu a bar shi ana duba shi lokaci-lokaci.

Abin da ke hannunmu

Tsarki da ruwa da muke yi bayan bahaya alheri ne, amma ruwa kaɗai ba ya fitar da ƙwai daga ƙarƙashin farce. Sabulu ne ke cika aikin. Kwamitin masallacin da ya iya sayen butoci zai iya ajiye sabulu a bakin bayi, haka ma makarantun allo da na Islamiyya inda yara ke cin abinci a kwano ɗaya. A yanke farce. Mai sayar da abinci ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa salak, ta cire ganyen waje, ta wanke sauran ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai gudu, ba a tsoma duka a roba ɗaya da ruwan da aka yi ta amfani da shi tun safe ba. Nama a bar shi ya dahu har ciki. Kashin yara a zuba shi a masai, ba a kwata ba.

Cewa ana iya kawar da waɗannan cututtuka ba fata ba ne kawai. A ƙarni na 19, kusan mutum 1 cikin 5 a tsibirin Aisilan yana da haidatid. A 1864 aka buga wani ɗan littafi na likita Harald Krabbe cikin harshen mutanen ƙasar, aka raba gida-gida, yana bayyana musu zagayen kare da tunkiya. Suka daina ba karnuka kayan ciki, aka tsaurara dokar yanka da ta kiwon kare, yau cutar ta zama tarihi a can. Niyu Zilan ta bi wannan hanya, ta ayyana kanta a matsayin wadda ta rabu da ita a 2002. An kuma samar da allurar rigakafi ta tumaki, da wata ta aladu wadda aka gwada a arewacin Kamaru ta yi aiki.

Mai karen gadi ko na farauta ya kai shi wajen likitan dabbobi a ba shi prazikwantel a kai a kai, kuma kada ya ba shi ɗanyen kayan ciki. Ranar layya, kafin a kayar da dabba, a tanadi inda za a kai abin da aka ƙi. Hanta ko huhun da aka ga jakar ruwa a ciki, kada a fasa jakar, kada a jefa a bola ko a rafin Aboabo. A ƙone shi ƙurmus, ko a tafasa shi sosai na rabin awa kafin a zubar, ko a haƙa rami mai zurfin da kare ba zai iya tonewa ba, a binne, a ɗora dutse a kai.